Jakar Baba Tadek

Wata uku da saukata a wani ƙaramin gari a kudancin Poland, inda na je ƙaro karatun kiwon dabbobi, na gano cewa mutum zai iya kwana huɗu bai ce wa kowa "ina kwana" ba, kuma bai mutu ba. Ni da na tashi a Zuru, inda daga ƙofar gidanmu zuwa tasha sai ka gaisa da rabin unguwa, har da wanda kuka yi cacar baki jiya. A can kuwa tun kafin ƙarfe huɗu rana ta tattara nata ya nata, kowa ya dunƙule cikin rigarsa yana sauri kamar an aike shi kiran ungozoma.

Ɗakin da dillali ya nuna mini a hoto tun ina gida yana da babbar taga da bishiya a bayanta. Da na iso na tarar tagar tana nan, bishiyar ma tana nan, amma a ɗakin maƙwabcina. Tawa tagar bangon wani gini take kallo. Na kira dillalin, ya ce ai gidan ya nuna mini, ba ɗakin ba. Na ce na gode, Allah Ya saka.

Kewar gida ta kama ni sosai, ba zan ɓoye ba. In na dawo daga makaranta ba abin da nake yi sai kai da komo a ɗaki, daga ƙofa zuwa taga, daga taga zuwa ƙofa, don ƙafata ta saba da tafiya. Wata ranar Laraba aka ƙwanƙwasa ƙofa. Na buɗe, sai ga wata dattijuwa gajera, gashinta fari fat, ta riƙe ƙugu. Ita ce ke zaune a ɗakin da ke ƙarƙashin nawa. Sunanta Halina, tsohuwar malamar motsa jiki ce, kuma tana jin Turanci daidai na faɗa.

"Kai ne kake tattaki a kaina kullum?" ta ce.

Na fara ba da haƙuri, ta ɗaga hannu.

"Idan tafiya kake so, akwai duwatsu. Asabar, ƙarfe bakwai, tashar jirgin ƙasa. Ka zo da takalmi na kirki."

Ta juya ta sauka, ko sunana ba ta tambaya ba.

Takalmi na kirki na je nema a kasuwar Juma'a... ko in ce kasuwar tsofaffin kaya da ke ci a bayan gari. Wani mutum mai gashin baki ya ɗaga mini wani baƙin takalmi mai sheƙi, ya buga shi a tebur, ya nuna duwatsu da hannu, ya ɗaga babban yatsa. Na saya ina murna. Ban duba ƙasansa ba, ashe sumul yake kamar bayan faranti.

Ranar Asabar na isa tasha na tarar da Halina da ƙungiyarta ta masu hawan dutse. Na zaci samari zan gani. Su goma sha wani abu ne, kuma in ka cire ni, ƙaramin cikinsu ya yi jika. Kowa da jakar goyo a baya da sanduna biyu a hannu, Halina kuma da usur a wuya. Na ce a raina, yau za su ga ɗan Zuru. Mu da muke hawa duwatsun bayan gari da silifas muna neman kanya, waɗannan kakannin ne za su nuna mini hawa?

Rashin sani ya fi dare duhu. Dutsen Zuru yana riƙe ƙafarka, nasu kuwa dusar ƙanƙara ta lulluɓe shi, a ƙarƙashinta kuma ƙanƙara ce mai santsi. Ban yi taku ɗari ba na sha ƙasa. Na tashi, na sake sha. A faɗuwa ta biyar tsofaffin suka fara ƙirgawa da ƙarfi da yarensu, kuma a nan na koyi lissafin Polanci daga biyar zuwa tara. Wata tsohuwa mai jar hula ta yi dariya har sai da ta jingina da bishiya.

Wanda bai yi dariya ba shi ne wanda ke bayan kowa, wani dogon tsoho ramamme mai manyan hannuwa. Ya zo ya tsaya a kaina, ya ɗaga ƙafata ɗaya kamar mai duba kofaton jaki, ya ga ƙasan takalmin, ya yi tsaki. Tsaki dai iri ɗaya ne a duk duniya. Ya kwance wasu ƙarafa masu haƙora daga jikin jakarsa, ya durƙusa cikin ƙanƙara ya ɗaura mini su a ƙasan takalmi. Tsoho sa'an kakana ya durƙusa a gabana! Na rasa inda zan sa kaina. Ya nuna ƙirjinsa ya ce, "Tadek." Na ce, "Ayuba." Ya ce, "Juba." Na bar shi a haka, ni kuma na sa masa Baba Tadek.

Daga ranar Asabar ta zama ranar sallata. Mukan hau jirgi, mu sauka a wani ƙauye, mu shiga daji a jere, Halina a gaba. Bishiyoyi sun yi nauyi da farin abu, ba ka jin komai sai ƙarar takalma da numfashi. A tsakiyar hanya a tsaya, kowa ya fito da fulas ɗinsa na shayi. A saman kowane dutse kuma akwai gidan katako inda ake sayar da miya mai zafi. Mako na biyu Baba Tadek ya zo mini da takalmin ƙaninsa da ya rasu, ya yi mini cif. Ni kuma na zo da ƙuli-ƙulin da matata Rifkatu ta cusa mini a akwati. Na raba wa kowa ban yi tunani ba. Mai jar hula ta gatsa, aka ji ƙas, ta tsaya cak, ta juya baya ta gyara haƙoranta na roba. Daga nan suka koyi jiƙa shi a shayi, har suna tambaya ko da saura.

Baba Tadek ba ya jin Turanci, ni kuma Polancina bai wuce na sayen burodi ba. Hirarmu da hannu ce, in ta ƙi mu sa waya ta fassara. A haka na san shekarunsa saba'in da tara, tsohon kafinta ne, matarsa ta rasu, kuma ya fi shekara arba'in yana bin wannan ƙungiya. Ya nuna mini wani tsauni can nesa, wanda suke hawa sau ɗaya a shekara a watan Fabrairu. Ya ce bai taɓa fashi ba.

To, a nan na yi gwanintar da ta kusa kashe mini zumunci.

Mahaifinmu tsohon soja ne, Saje Bawa. A gidanmu in ka wuce babba da kaya a hanya hannunka na lilo, kafin ka iso gida labari ya riga ka, kuma bulala na jiranka. Ko damin dawa ne, ko jarkar ruwa, ko 'yar leda, sai ka karɓa. Babban zai ce, "Bar shi, ɗana, bar shi." Wannan kara ce kawai, kai dai ka karɓa. To ga ni ƙato, ina tafiya kusa da tsohon da ya ba ni takalmi, yana haki da jaka a baya. Zuciyata ta ƙi.

A fita ta uku, da muka zo wani hawa, na kama jakar. Ya ce, "Nie, nie," wato a'a. Na ce a raina, ashe har nan ana kara. Na yi murmushi na ja, ya riƙe, na ƙara ja ina ce masa, "Haba Baba." Ya dube ni, ya dubi gaba, ya saki. Na rataya tasa a ƙirji, tawa a baya, ina tafiya ina jin kaina ɗan halak. Mako na gaba na sake yi. Na gaba ma haka. Na lura ya rage nuna mini sawun barewa a hanya, na ce gajiya ce. Na lura Halina tana waiwayowa tana kallonmu, na ce tana yaba tarbiyyar mutanen Zuru ne.

Asabar ta gaba Baba Tadek bai zo tasha ba.

A cikin jirgi na tambayi Halina ko lafiya. Ta ce lafiyarsa ƙalau, ta mayar da shi ƙungiyar kwari ne. Na ce mece ce ƙungiyar kwari? Mai jar hula ta karkace baki ta yi kukan agwagwa. Ashe akwai wani rukuni na waɗanda ƙarfinsu ya ƙare, su ba sa hawa, sai dai su zagaya tafkin cikin gari su watsa wa agwagi burodi su sha kofi.

"Doka ce tun kafin ni," in ji Halina. "Lokacin sanyi kowa da jakarsa a bayansa. Rigarka ta biyu tana ciki, da shayinka, da fitilarka, da bargonka. In hazo ya raba ka da mutane, jakar ce za ta kai ka safiya. Ranar da ka kasa ɗaukar taka, ka gama da tsauni. Sau uku na gan shi babu jaka."

Sai na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce, "Ai ni na ƙwace! Bai ba ni ba!"

"Na tambaye shi," ta ce. "Ya ce kai baƙo ne, ba zai yi kokawa da baƙo a kan hanya ba. Ni kuma abin da idona ya gani nake bi."

Ranar ban faɗi ko sau ɗaya ba, amma ban ji daɗin komai ba, miyar ma kamar ruwa. Garin neman gira na tsone wa mutum ido. Saura mako uku a hau tsaunin Fabrairu.

Ranar Lahadi bayan an taso daga coci na kira gida. Na ba tsohonmu labari ina jiran ya ce Turawa ba su san girma ba. Ina jin zakara na cara a bayansa.

"Wanga tsoho," ya ce, "shi ya ce ka amsam mai?"

"A'a, Baba."

"Ya ce ka bari?"

"Ya ce. Amma ai ku kuka koya mana..."

"Kai, rufe min baki. Na koya maka amsar kayan wanda ya gaji da kayanai, ban koya maka ƙwace ba. Ranar da aka amshi bindigar soja, ran nan aikinai ya ƙare. Tahi ka gyara abin da ka ɓata."

Ya miƙa wa Mama wayar, ita kuma ta shiga tambayata ko ina cin abinci.

Na sauka ɗakin Halina da yamma. Na yi mata bayanin yadda ake yi a wajenmu, har da kwaikwayon "bar shi, ɗana, bar shi." Ta saurara tana shan shayi, fuskar nan ba alamar wasa. Da na gama ta ce ta ji, amma doka ba ta san Zuru ba. Na ƙi tashi. Na zauna kamar mai biko, na sha shayi kofi biyu, na yaba furanninta. Can ta ajiye kofi.

"Asabar za mu hau wanda ya fi na makon jiya tsayi. Ya zo da jakarsa. Kai za ka bi bayansa. In ya kai gidan katako da ita a bayansa, zan sa sunansa a Fabrairu. In ka taɓa jakar nan ko da yatsa ɗaya, ku biyun ku tafi wajen agwagi."

Na sami Baba Tadek a bakin tafki washegari. Yana tsaye nesa da sauran, hannuwa a aljihu, yana harar agwagin kamar su suka yi masa laifi. Na rubuta a waya: Baba, na yi kuskure, ka yafe mini. Ya karanta. Sannan ya karɓi wayar ya danna da katon yatsansa, ya miƙo mini. An fassara: Kai yaron kirki ne, amma kana da ƙarfi da yawa. Na gaya masa sharaɗin Halina. Ya ciro burodin agwagi daga aljihu, ya juye shi gaba ɗaya a ruwa, ya kaɗe hannu.

Asabar ta zo da sanyin da ban taɓa ji ba, har gashin hancina ya daskare. Baba Tadek ya iso tasha ya yi aski, jakar nan a baya, ya gaisa da kowa kamar ba abin da ya faru. Muka shiga daji. Na bi bayansa, na cusa hannuwana a madaurin jakata na riƙe gam, don ban yarda da su ba.

Awa ta farko lafiya lau. A ta biyu hanya ta miƙe tsaye. Dusar da ta zuba cikin mako ta kai gwiwa, kowane taku sai ka ciro ƙafa kamar mai tafiya a fadama. Baba Tadek ya fara tsayawa, taku ashirin ya huta, sannan taku goma. Ina jin numfashinsa kamar zuga-zugin maƙera. Jakar tana rinjayarsa hagu, ya gyara, ta sake rinjaya. Na yi tafiye-tafiye masu wuya a rayuwata, na taɓa turo babur daga Mahuta har gida cikin ruwan sama, amma ban taɓa shan wahala irin ta bin bayan tsohon nan da hannu wofi ba. Duk jikina yana cewa karɓa.

Muna hango hayaƙin gidan katako sai Baba Tadek ya faɗi. Ba mummunar faɗuwa ba ce, gwiwoyinsa ne suka lanƙwashe, ya durƙusa, ya dafa ƙanƙara da hannu biyu, jakar ta hau masa wuya. Halina ta busa usur, kowa ya tsaya. Ta sauko kaɗan ta tsaya a samanmu, ta dube shi, ta dube ni. Hannuna ya riga ya fita daga madauri. Na mayar da shi.

Ban san lokacin da abin ya zo mini ba. Ina yaro, a ƙauyen kakannina ta wajen Danko, na sha ganin golmo, noman da samari ke yi wa surukai kafin a ba su mata. Sukan jeru da garemani tun safe. In ɗaya ya sare a tsakiyar gona, ba mai karɓar garmarsa, don wannan tozarci ne a gaban dangin yarinya. Sai dai mai ganga ya matso kusa da shi, a kama yi masa kirari har ya miƙe.

Ba ni da ganga. Na haɗa sandunana biyu na fara bugawa, na buɗe murya da Hausa a tsakiyar dajin Turawa.

"Tsohon sa mai tsohon ƙaho! Kai ka fasa gonar, yara suka zo tsintar ciyawa! Dutse ba a ɗaga ka, sai a kewaya! Na gaban agwagi, na bayan Halina! Tashi, maza ba su kwana a hanya!"

Tsofaffin nan suka saki baki. Na ci gaba, abin da ya zo bakina shi nake faɗa, na gauraya da C'lela, yarenmu na Zuru, har da kirarin wani ɗan kokawar unguwarmu na ara na liƙa masa. Mai jar hula ce ta fara buga nata sandunan. Wani mai tumbi ya bi. Kafin ka ce kwabo duk layin ya ɗauka, ƙwas, ƙwas, ƙwas, in na kai ƙarshen baiti su amsa da "Ta-dek! Ta-dek!" Ƙanƙara tana zubowa daga rassan bishiya saboda hayaniya.

Kafaɗun Baba Tadek suka fara rawa. Na zaci kuka yake. Ashe dariya ce. Ya ɗago kai ya faɗi wata kalma da ta sa matan suka toshe baki, ya kafa sanda ɗaya, ya kafa ta biyu, ya ɗaga gwiwa. Ya yi tangaɗi, na riƙe numfashi. Ya miƙe. Ya gyara jakarsa da kansa, ya ja madaurin, ya sa ƙafa gaba.

Ban daina ba har ƙofar gidan. Muryata ta dushe, sanyi ya shiga haƙorana, kirari ya ƙare mini har na koma jera sunayen garuruwa, Sakaba, Dirin Daji, Mahuta, su dai suna amsawa. Ya hau matakalar katakon nan guda uku ɗaya bayan ɗaya, ya dafa ƙofa, ya juyo yana haki, gemunsa duk ƙanƙara.

Halina ta ciro 'yar takardarta daga aljihu, ta cire safar hannu da haƙori, ta yi rubutu. Ba ta yi murmushi ba, amma hancinta ya yi ja fiye da na kowa. Baba Tadek ya yi mata magana a hankali, doguwa, kowa ya yi tsit. Na tambaye ta me ya ce.

"Ya ce in sa shi a Fabrairu. Bayan Fabrairu zai tafi wajen agwagi da ƙafarsa, ba sai an kai shi ba." Ta share hanci. "Kuma yana tambaya, me kake ta faɗa a kansa?"

Na ce, "Na ce masa tsohon sa."

Ta fassara. Ya ware ido. "Sa?" Ya yi tunani, ya gyaɗa kai, alamar bai ƙi ba.

Aka buɗe ƙofa, ɗumi da ƙamshin miya suka bugo mu. Ya tsallaka ciki, ya tsaya, ya kwance madaurin ƙirji, ya zame jakar daga kafaɗa. Ya dubi Halina, ya nuna dokin ƙofa da ke bayansa, wato nan dokarta ta tsaya. Sannan ya juyo ya miƙo mini.

"Juba," ya ce, ya nuna benci.

Taku huɗu ne daga ƙofa zuwa bencin. Na rusuna na karɓa da hannu biyu.